Sarki Ba Kambi: Yadda Ƙungiyar Karatu Take Tunkarar Wasan "Richard na Biyu" na Shakespeare

Tsakure

Wannan takarda ta dubi al'adar karanta wasan kwaikwayo a zaune, wadda ta daɗe da kafuwa a Ingila da Amurka, inda mutanen unguwa ko na ƙauye suke haɗuwa su raba 'yan wasa a tsakaninsu, su karanta littafin a bayyane, ba dandamali, ba sutura, ba 'yan kallo. An ɗauki wasan Richard na Biyu na William Shakespeare a matsayin abin gwaji. Takardar ta nuna cewa irin wannan karatu hanyar nazari ce mai cin gashin kanta, sai dai tana da son kai guda ɗaya: tana fifita mai yawan magana a kan mai shiru. A wasan da jigonsa shi ne tuɓe sarki, wannan son kai yana iya karkatar da hukuncin masu karatu gaba ɗaya zuwa ga sarkin da aka tuɓe.

1.0 Gabatarwa



A sassanmu na nazarin adabi mun saba raba wasan kwaikwayo gida biyu: rubutacce da ake nazari a aji, da aikatacce da ake gani a dandamali ko talabijin, ko a ji shi a rediyo. Akwai gida na uku da ba mu cika kula shi ba, wato a taru a karanta. Masu yin sa ba 'yan wasa ba ne, ba su haddace komai ba, kuma ba sa shirin nuna wa kowa. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, da ma'aikaciyar asibiti, da mai shago, kowa riƙe da littafinsa. Tambayar da nake son mu duba ita ce: idan irin waɗannan mutane suka ɗauki wasan tarihi mai nauyi, wanda ya shafi sarautar Ingila ta ƙarni na 14, me suke samu, me kuma yake kuɓuce musu?

2.0 Al'adar karatun wasa a zaune

A shekarar 1807 aka fara buga The Family Shakespeare na iyalan Bowdler, wanda aka tace shi daga kalaman da ake ganin na batsa ne, domin maigida ya karanta wa iyalinsa ba tare da jin nauyi ba. Masana sun daɗe suna sukar wannan tacewa, amma manufar littafin kanta shaida ce cewa karanta wasa a bayyane cikin gida abu ne sananne tun a lokacin. A Amurka kuwa, Katherine West Scheil, a littafinta na 2012 mai suna She Hath Been Reading, ta bi sawun ɗaruruwan ƙungiyoyin mata masu karatun Shakespeare da suka kafu daga ƙarshen ƙarni na 19, a birane da ƙananan garuruwa. Sukan daɗe a kan wasa ɗaya, suna rubuta takardu suna karanta wa juna, wasunsu har suka taimaka wajen kafa ɗakunan karatu na jama'a a garuruwansu. A 1919 Geoffrey Whitworth ya kafa British Drama League, wadda ɗakin karatunta ya riƙa ba ƙungiyoyi aron kwafin wasa a dunƙule, kowane mai karatu da nasa, in an gama a mayar. Har yau akwai ɗakunan karatu na gundumomi a Birtaniya da suke ba da irin wannan aro.

Tsarin zaman ba shi da wuya. A samu ɗaki, a jera kujeru a kewaye, jagoran zama ya raba sunaye, a fara daga fitowa ta farko. Sau da yawa akan sake rabon a kowane kashi, domin kada mutum ɗaya ya kwashe babban rabo wasu su yi ta zaman jira.

3.0 Wasan da tarihin da ke bayansa

An rubuta Richard na Biyu wajen shekarar 1595, aka fara buga shi a 1597. Babban tushen da Shakespeare ya dogara da shi shi ne littafin tarihi na Raphael Holinshed, bugu na 1587. Wasan ya ɗauki shekaru biyun ƙarshe ne kawai na sarautar Richard, daga 1398 zuwa farkon 1400.

An haifi Richard a Bordeaux a 1367, ya gaji kakansa Edward na Uku a 1377 yana ɗan shekara goma. Yana da shekara goma sha huɗu ya fuskanci boren talakawa na 1381. A 1397 aka kashe baffansa Thomas na Woodstock, mai sarautar Gloucester, a tsare a Calais, kuma zargin kisan ya koma kan sarkin. Shekara ta gaba rigima ta tashi tsakanin Henry Bolingbroke, ɗan baffan sarki, da Thomas Mowbray. Aka sa musu ranar gwabzawa a Coventry, sai sarki ya tsayar da faɗan kafin a fara, ya kore su duka biyu daga ƙasa. Da John na Gaunt, mai sarautar Lancaster, mahaifin Bolingbroke, ya rasu a watan Fabrairu na 1399, Richard ya ƙwace gadon gidan Lancaster, ya tafi yaƙi Ailan. Bolingbroke ya sauka a Ravenspur a watan Yuli yana cewa gadonsa kawai ya zo karɓa. Kafin ƙarshen Satumba an tuɓe Richard, ranar 13 ga Oktoba aka naɗa Bolingbroke da sunan Henry na Huɗu. Richard ya mutu a tsare a Pontefract a watan Fabrairu na 1400.

Dole jagoran zama ya faɗi wannan a taƙaice kafin a buɗe littafi, domin wasan ya buɗe ne da mutum biyu suna zagin juna gaban sarki a kan kisan Gloucester, ba tare da an faɗi fili cewa alƙalin da ke kan karaga shi ne babban abin zargi ba. Sai a fitowa ta biyu, a hirar Gaunt da matar mamacin, maganar take fitowa. Masu kallo na zamanin Shakespeare da dama sun san labarin. Mai karatun yau da bai sani ba, zai ji hayaniya ce kawai ta manya biyu, ya rasa abin da ya sa sarki yake ta kauce wa yanke hukunci.

Haka kuma dole a nuna wa ƙungiyar inda marubucin ya saki tarihi ya kama hikima. Sarauniyar da ke cikin wasan babbar mace ce mai zurfin baƙin ciki, alhali Isabella ta Faransa, wadda aka aurar wa Richard a 1396, ba ta cika shekara goma ba lokacin da aka tuɓe shi. Henry Percy da aka nuna a matsayin saurayi ɗan bana-bakwai an haife shi a 1364, ya girmi Richard da Bolingbroke duka. Gaunt na wasan dattijo ne mai kishin ƙasa, Gaunt na tarihi kuwa mutum ne da talakawa suka tsana har suka ƙone fadarsa ta Savoy a boren 1381. A wasan, wani mai suna Exton ne ya kashe Richard bayan sarkin ya yi faɗa da makasan, amma ra'ayin da ya fi rinjaye wajen masana tarihi shi ne yunwa ce ta kashe shi a tsare. Ban kawo waɗannan don aibata Shakespeare ba. Kowane canji yana nuna abin da yake nema: mace da za ta yi wa sarki kuka, dattijon da zai faɗa masa gaskiya, da mutuwar da za ta mayar masa da darajar da ya zubar. Ƙungiyar da ta san inda aka canja ta fi gane inda aka nufa.

4.0 Rabon sunaye

Matsala ta farko a aikace ita ce sunaye. Mutum ɗaya ana kiransa Bolingbroke, da Hereford, da Derby, da Lancaster, daga ƙarshe Sarki Henry. Mowbray shi ne Norfolk. Aumerle, ɗan mai sarautar York, da aka rage masa matsayi sai ya koma Rutland. Baturen yau yakan rikice a nan, amma wanda ya tashi a ƙasar sarauta ya san cewa wanda ake kira Ɗanburan yau yana iya zama Ciroma gobe, Galadima jibi, kuma kiran basarake da sarautar da aka ɗauke masa ko wadda ya wuce magana ce mai nauyi. Shi ya sa lokacin da aka kira Bolingbroke da Hereford bayan dawowarsa, ya ƙi amsawa sai an ce Lancaster. A wannan ƙin amsawa duk da'awarsa ta gado take.

Matsala ta biyu ita ce mata. Manyan mata uku ne kawai a wasan: Sarauniya, da matar Gloucester, da matar York, sauran manyan 'yan wasan duk maza ne. Ƙungiyoyin karatu sun daɗe da warware wannan ba tare da gardama ba, mace ta karanta sarki, ta karanta bishop, ta karanta mai lambu. Dandamali ma ya bi wannan hanya: Fiona Shaw ta fito a matsayin Richard a gidan wasa na ƙasa da ke Landan a 1995, kuma a 2019 Adjoa Andoh da Lynette Linton suka shirya wasan a gidan wasa na Globe da mata zalla. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda a wasan gauta matan fada ne suke kwaikwayon sarki da hakimansa.

Matsala ta uku ita ce harshe. Wasan gaba ɗaya waƙa ne, babu zube ko kaɗan, har mai lambu da ma'aikatansa a cikin kari suke magana, kuma wurare da yawa akwai amsa-amo. Wanda bai saba ba yakan tsaya a ƙarshen kowane layi ko da jimla ba ta ƙare ba, ma'ana ta tsinke. Maganin wannan shi ne a bi alamomin rubutu, a bar kari ya kula da kansa. Kafin a kai kashi na biyu kunne yakan saba.

5.0 Fitowar tuɓe sarki

A nan ne maganata take. A littafinsa na 1957, The King's Two Bodies, Ernst Kantorowicz ya yi bayanin wata aƙida ta masana shari'ar Ingila cewa sarki jiki biyu gare shi: jikin ɗan'adam mai ciwo da mutuwa, da jikin sarauta wanda ba ya mutuwa. Ya ware babi guda ga wannan wasa, yana nuna yadda jikunan biyu suke rabuwa a kan idonmu. A dandamali ana nuna rabuwar da kaya: kambi, sanda, alkyabba, karaga, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar karatu ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Sarkinta yana zaune a kan irin kujerar kowa, sanye da rigar da ya fito da ita daga gida. Duk sarautar da yake da ita tana cikin muryarsa da kuma yardar da sauran suka yi cewa shi ne sarki har zuwa ƙarshen kashi. Wannan kuwa ita ce ainihin tambayar wasan: in aka cire kaya, aka janye yardar jama'a, me ya rage? Saboda haka nake ganin masu karatu a zaune suna isa ga jigon wasan ta gajeriyar hanya fiye da mai kallon da ƙyalƙyalin sutura ya ɗauke wa hankali.

Amma ribar tana tafe da hasara. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a zaman karatu kuwa ji ne kaɗai ake da shi. Richard shi ne mai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maganar wasan, kuma gwargwadon yadda mulki yake zame masa, gwargwadon yadda bakinsa yake ƙara zaƙi. A kashi na huɗu, a zauren Westminster, an shigo da shi gaban majalisa. Ya sa Bolingbroke ya kama gefe ɗaya na kambi shi ya kama ɗaya. Ya warware naɗinsa da bakinsa, yana sauke kowane abu da aka ɗora masa ranar naɗi. Basaraken Northumberland, mai goyon bayan Bolingbroke, ya yi ta matsa masa ya karanta takardar laifuffukansa, ya ƙi. Ya nemi madubi, ya dubi fuskarsa, ya fasa shi a ƙasa. A duk tsawon wannan, Bolingbroke ba ya faɗin abin da ya wuce layi ɗaya ko biyu a lokaci guda.

A dandamali wannan shiru yana da ƙarfi ƙwarai. Mai kallo yana ganin mutum tsaye, sojoji na bayansa, majalisa na kallon fuskarsa, ba ya bukatar ɗaga murya domin komai ya riga ya zama nasa. Shirunsa yana iya zama haƙuri, ko raini, ko kunya, ko tsoron abin da ya aikata, ɗan wasa ne zai zaɓa. A zaman karatu kuwa, wanda ba ya magana babu shi. Mai karanta Bolingbroke yana sunkuye yana bin layi da yatsa, yana jiran inda zai shigo, ba wanda ya dube shi. Ɗaki ya zama na Richard shi kaɗai. Sakamakon shi ne masu karatu sukan manta cewa wannan mai daɗin baki shi ne wanda ya yi wa baffansa Gaunt ba'a yana kan gadon mutuwa, ya ƙwace gadon maraya tun gawa ba ta huce ba, ya jinginar da harajin ƙasa don biyan bukatun fadawansa. Tausayi ya rufe laifi.

Irin wannan hasara tana faruwa a fadar Flint, a kashi na uku. An tsara fitowar ne a kan sama da ƙasa: sarki a kan ganuwa, ɗan baffansa a ƙasa, sannan sarki ya sauko, Bolingbroke ya durƙusa masa alhali shi ne mai rundunar. A tebur ba sama ba ƙasa. An yi sa'a Shakespeare yakan saka aiki a cikin magana, kamar yadda a Coventry wani yake sanar da cewa sarki ya jefa sandarsa, kuma a Flint Richard da kansa yake ta nanata saukowarsa. Amma durƙuson mai ƙarfi gaban marar ƙarfi sai an gani ake jin nauyinsa.

Shawarata ga ƙungiyar da ta ɗauki wannan wasa ita ce ta naɗa mutum ɗaya da ba shi da aiki sai karanta bayanan fitowa da shigowa, kuma a ba shi damar tsayar da karatu ya tambaya: wa ke cikin ɗakin nan yanzu, wa ya yi shiru, ina yake tsaye? Sannan a karanta fitowar tuɓewar sau biyu. Karo na farko a bar ta yadda ta zo. Karo na biyu mai karanta Bolingbroke ya ajiye littafi tsakanin layukansa, ya miƙe tsaye, ya zuba wa mai karanta Richard ido. Ba a bukatar wani kaya fiye da haka kafin ma'aunin ya daidaita, a ga cewa wasan bai ba kowa gaskiya kyauta ba: sarkin halal ne amma azzalumi, mai ƙwace gwani ne amma ba shi da hujjar hawa karaga. Bishop na Carlisle ya faɗi haka a fili, ya yi gargaɗin yaƙin basasa, nan take aka kama shi.

Mahukuntan zamanin Shakespeare ba su raina wannan fitowa ba. Bugu uku na farko, na 1597 da biyu na 1598, duk sun fito babu sashen miƙa kambi, sai a bugun 1608, bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya bayyana. Ranar 7 ga Fabrairu, 1601, magoya bayan basaraken Essex suka ƙara wa 'yan wasan Globe sule arba'in a kan abin da suka saba samu don su nuna wasan tuɓe Richard, washegari suka yi yunƙurin tawaye. Yunƙurin ya watse, aka fille kan Essex a watan nan, aka kuma kira ɗaya daga cikin 'yan wasan, Augustine Phillips, ya yi bayani. Ya kamata masu karatu su san cewa shafin da ke hannunsu ya taɓa zama abin tsoro ga fada.

6.0 Abin da ya shafe mu

Shakespeare ya shigo Hausa tuntuni, ko don Daren Sha Biyu na Ibrahim Yaro Yahaya da aka buga a 1971. Tuɓe sarki kuma ba labarin nesa ba ne gare mu. Turawa sun kai Sarkin Kano Alu Lakwaja, can ma aka kai Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda shi kansa mawaƙi ne, kuma a 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya sauka aka kai shi Azare. Mai karatun da ya ji waɗannan labarai daga bakin kakanninsa yana zuwa wa Richard na Biyu da sanin da ba a samu a littafin sharhi. Ya san yadda fada take watsewa dare ɗaya, ya san darajar baran da ya ƙi juya baya, irin mai kula da dawakin nan da ya ziyarci Richard a kurkuku a kashi na biyar.

Muna kuma da namu rubutattun wasanni tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, da Shaihu Umar da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa. Yawancin ɗalibanmu a zuci suke karanta su, don jarrabawa, alhali don kunne aka rubuta su. Ina kira ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, da ƙungiyoyin marubuta, da masu kula da ɗakunan karatu na jihohi, su tanadi kwafin waɗannan wasanni a dunƙule don aro, su ware rana ɗaya a wata, su buɗe ƙofa ga mutanen gari ba ɗalibai kaɗai ba. A fara da namu, in kunne ya saba a ɗauko Richard na Biyu, kuma duk wanda aka ba jagorancin zaman ya tabbata ya naɗa mai lura da waɗanda suka yi shiru.